Faten da Ba Ni Na Ce a Kawo Ba

Asabar, 9 ga Agusta, bayan sallar isha'i

Mun je, mun dawo. Wurin ya yi kyau. Ba abin da zan rubuta.

Lahadi, 10 ga Agusta, da hantsi

Matata Tahira ta tafi Shanono da safen nan, ita da 'yarmu Humaira. Ta ce za ta gaida Inna. Mace ta je gaida mahaifiyarta ai ba labari ba ne, ko da babbar jaka ta ɗauka, ko da ta haɗa har da kayan makarantar yarinya alhali hutu ake yi. Ta gaban shagona suka wuce za su bakin titi. Ina kan keken ɗinki ina kafa aljihun rigar wani, ban ɗago ba. Humaira ce ta ce, "Baba, sai mun dawo." Na ce a gaida mutan gida.

Rigar da na ɗinka mata domin jiya tana kan gado, a ninke. Ni tela ne, na san bambancin ninkin ajiya da ninkin mayarwa. Wannan na mayarwa ne.

Ni dai ban damu ba.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

An yi ruwa tun safe. Ba wanda ya kwashe shanya, sai da na dawo na tarar da kayana a jiƙe.

Talata, 12 ga Agusta, da rana, a shago

Ba wuta, ba ciniki, bari in rubuta ko ƙirjina ya sauka.

Malam Levi ne ya jawo min. Malamin sakandare ne a nan Rimin Gado, ni nake masa ɗinki shekara da shekaru. Ya zo karɓar kaftani ya tarar ina cewa watan nan muke cika shekara goma da aure, sai ya zaro waya ya nuna min hotonsu shi da matarsa a wani gidan abinci a Nasarawa, cikin birni. Tebur da farin ƙyalle, fure a kofi, ita tana dariya har da rufe baki. Ya ce, "Sabiru, shekara goma ba wasa ba ce. Ka fita da ita ta zauna a kawo mata, ko sau ɗaya." Na yi dariya na ce mu nan ba mu saba ba. Amma hoton nan ya kwana a raina. Me Levi ya fi ni?

Na yanko leshi ruwan zuma, na ɗinka mata ba tare da na auna ta ba, don na san faɗin kafaɗarta fiye da yadda na san hanyar gonarmu. Ta saka, ya zauna ɗas. Maƙwabcina Muntaka, mai jigila da mota tsakanin nan da Kabuga, ya ce ranar ba zai ɗauki kowa ba sai ango da amarya. Har turare ya fesa wa kujerun.

Wurin kuwa, sai wanda ya gani. Mai gadi ya buɗe mana ƙofa kamar ya san mu. Sanyin esi ya doke ni, daɓen yana sheƙi har na riƙa taka shi a hankali kamar mai tsallaka laka. Aka kai mu tebur na mutum biyu a jikin gilashi, ga wani ɗan ruwa yana zuba a kan duwatsu, ba don a sha ba, don a kalla. Aka ja mata kujera. Ta zauna tana fuskantata, ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin mayafi. A lokacin na ga ta yi min kyau irin na ranar da aka kawo ta.

Aka miƙo mana kwalin da aka jera sunayen abinci. Rabinsu ban san su ba, amma ban bari an gane ba. Na ce wa mai hidimar teburin a kawo farfesun kayan ciki biyu da gasasshiyar kaza, a zuba yaji kada a ji tausayinmu, matata ita ke koya wa barkono zafi. Ya yi dariya. Tahira ta ce a hankali, "Malam, da dai farar shinkafa ce." Na ce yau ba ranar tattali ba ce, ta bar ni in yi abin da na zo yi.

An kira azahar. Zan ƙarasa.

Talata, bayan la'asar

Ba zan ƙarasa yau ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan asuba

Jiya na fita ciyayya da kwanon yayata Asama'u. Tun rasuwar mijinta ta dawo gida, sashenta na jikin namu, ita ke zuba min tun ranar Lahadi. Allah ya saka mata, amma miyarta kamar an wanke tukunya an kawo ruwan.

Mu a ƙofar gidanmu haka muka taso muka tarar. Ana idar da magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa gindin dalbejiya, a jera a kan tabarma, a ci na wannan a koma na wancan. Mata da yara su ci nasu a ciki. Shekara goma kwanona ne ke fara ƙarewa. Miyar Tahira ko kuka ce sai ta sa dattijo ya cire hula yana fifita, yana sharce gumi, yana miƙo hannu a ƙara. Har cewa ake in mura ta kama mutum kada ya je kemis, ya jira kwanon Sabiru. Ina jin daɗin wannan magana, ba zan ɓoye ba.

Jiya aka buɗe kwanona, wani ya ɗanɗana ya ce yau amarya ta yi fushi da attaruhu ne? Aka yi dariya. Na ce ta je ganin gida. Kowa ya ce Allah ya dawo da ita lafiya, har da masu cewa Allah ya gaggauta saboda maƙogwaronsu. Muntaka kaɗai bai yi dariya ba. Kansa na cikin kwano har aka tashi. Shi ne ya tuƙo mu, ya ji abin da ya ji.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

To, ga sauran.

Abinci ya zo. Na ci, na yi gumi, na yaba. Ita kuwa sai juya cokali take a cikin romo, ta gutsuri burodi, ta kurɓi ruwa. Na ce ta ci mana. Ta ce tana ci. Na ɗauka kunya ce, don tunda muke ba mu taɓa zama gaba da gaba da abinci a tsakaninmu ba. Har na ji abin ya burge ni, na ce a raina matar Levi ta yi ta dariyarta, tawa mai kunya ce. Mun daɗe a haka, ina ba ta labarin shago, tana gyaɗa kai.

Sai ga mai hidimar nan da wani faranti a rufe, wanda ba ni na ce a kawo ba. Ya ajiye a gabanta, ba a tsakiya ba. Ya buɗe. Faten tsaki ne da alayyahu da gyaɗa, yana tururi. Fate, a wurin da ake cin abinci da cokali mai yatsu. Na duba kwalin nan daga sama har ƙasa daga baya, babu fate a ciki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, daga babban kukunmu ne, Hashimu. Ya ce a gaida Tahira ta gidan Malam Abdulkabir. Ya ce a faɗa mata ba ko ƙwayar barkono a ciki."

Ta ɗago. A can ƙarshen ɗakin akwai taga ta gilashi da ake hango masu girki. Wani mai doguwar farar hula ya ɗaga hannu. Ta yi murmushi.

Ba irin wanda take yi wa baƙi ba ne. Na san wannan. Wani ne daban, ya fara daga ido kafin ya sauko baki. Sannan ta ja farantin, ta yi bisimilla, ta ci. Matar da ta kasa haɗiye loma ɗaya ta abin da mijinta ya saya mata, ta cinye na wani ƙato tas, in ban da albasar da ta jera a gefen faranti. Ni ina zaune da ƙashin kaza a hannu kamar wanda aka gayyato kallo.

A mota na yi tambaya. Guda ɗaya ce. Ban ɗaga murya ba, ban kuma furta kalmar da ba a janyewa ba, Allah shaida ne. Amma a gaban Muntaka na yi ta. Daga Kabuga har gida abin share gilashi kawai nake ji yana kaiwa yana komowa.

Asabar, 16 ga Agusta, da hantsi

Ba kishi nake ba. Mutum dai yana da haƙƙin ya san abin da ke tsakanin matarsa da mai doguwar hula.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Na je gona na zuba wa dawa taki. Gero ya fitar da kai, tsuntsaye sun fara sauka. Ina tafe a kunya ina maimaita maganar nan, ba ko ƙwayar barkono. Me ya sa zai aiko da wannan? Habaici ne, yana nufin ni ne barkonon? Ko wata alama ce tsakaninsu tun ta da, wadda in an faɗa su biyu kaɗai ke ganewa? Na zuba wa kunya ɗaya taki sau biyu ban sani ba.

Na kira wayarta. Humaira ce ta ɗauka, ta ce Umma tana tankaɗe. Na ce in ta gama ta kira. Har yanzu tankaɗen bai ƙare ba.

Talata, 19 ga Agusta, da rana, a shago

Muntaka ya shigo ya zauna a benci, ya daɗe yana kallon ƙyallayen ƙasa. Matarsa 'yar wajen Shanono ce, na san ya tambaya mini ko ban sa shi ba. Ya ce gidan su mai doguwar hular nan katanga ɗaya ne da gidan su Tahira. Ya ce uwayensu aminan juna ne. Na ce sai me? Ya ce shi ke nan. Na ce Muntaka, kada ka mayar da ni yaro. Sai ya ce an ce ya ɗan je zance wurinta na wani lokaci, kafin ya tafi Kaduna koyon girki, kuma maganar ba ta kai ga manya ba.

Ya ɗan je zance. Ɗan. Na so in san tsawon wannan ɗan, wata ne ko shekara, a zaure suke tsayawa ko a ƙofar gida, me yake kawo mata, ko tana raka shi har bakin lungu yadda ta riƙa raka ni. Ban tambaya ba. Na taka keke har allura ta karye.

Da zai fita ya ce, "Sabiru, ni da na ji tambayar nan, kunya ce ta kama ni, ba ita ba." Na ce ya gaida gida.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan asuba

Murmushin nan. Shekara goma ina ina?

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan sallar isha'i

Na shiga birni sayen zare da maɓallai a Kwari. Daga Kwari zuwa Nasarawa ba hanya ba ce, na sani, amma adaidaita ta kai ni. Na tsaya a tsallaken titi gindin wata bishiya, ina tsara abin da zan faɗa masa. Na tsara mai zafi, na tsara mai sanyi mai ciwo, na zaɓi mai sanyin.

Aka kira azahar, ma'aikatan suka fito ta ƙofar baya. Na gane shi ko ba hular. Na so a ce gajere ne mai tumbi. Dogo ne, wankan tarwaɗa, da furfura kaɗan a gemu irin mai ƙara wa mutum kwarjini, kuma ɗinkin rigarsa, in faɗi gaskiya, hannun da ya yi shi ya iya. Na bi su ɗan masallacin da ke gefe. Buta ɗaya ta rage, ya miƙo min ya ce in fara. Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗarsa a jikin tawa. Duk abin da na tsara ya bi ruwan alwala.

Bayan sallama shi ya fara gane ni. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce mijin ƙanwata, ya iyali, ya Tahira da jiki. Ƙanwata. Na ce jiki kuma? Ya ce cikin nata, olsar nan, gyambon ciki. Ya ce tun suna yara take fama, har an taɓa kwantar da ita a asibitin Gwarzo, daga nan aka raba ta da yaji kwata-kwata. Ko a gidansu in an yi abin rabo, innarsa sai ta kwashe na Tahira kafin a zuba barkono. Unguwar duk an sani.

Ya ce, "Da odar ta shigo, farfesu biyu yaji sosai, na leƙa na ga ita ce a zaune, sai na ce yaron nan ya rubuta ba daidai ba. Har faɗa na yi masa. Na ce mijinta ba zai ce a kawo mata wannan ba. Shi ne na yi sauri na ɗora faten. Ka yi haƙuri da kuskuren namu, don Allah."

Na ce ba komai, kuskure ai na kowa ne.

Ya ce in shigo in ci abinci. Na ce a ƙoshe nake. Ya raka ni har titi, ya tsayar min da adaidaita, yana ta a gaida Malam, a gaida Inna. Da zagina ya yi da na fi samun abin riƙewa. Na bar ledar zaren a masallacin, sai a Kabuga na tuna.

Juma'a, 22 ga Agusta, da hantsi

Ban buɗe shago ba. Na shiga madafa, wurin da rabona da shi tun ana ginin. Tukwanenta na kife a jere. A ƙarshe akwai wata 'yar ƙarama, baƙa, hannunta ɗaya ya karye an ɗaure da waya. Na san ta. Kullum ina ganinta a gefen murhu in zan wuce. Da na ɗauka ta ɗumamen Humaira ce, da Humaira ta girma ban sake ɗaukarta a komai ba.

Yaya Asama'u ta same ni riƙe da ita. Na ce wannan ta mece ce? Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan babanmu. Ta ce ta Tahira ce mana, a nan take ɗibar tata miyar kafin ta zuba attaruhu a babbar. Na ce to ta yaya take ɗanɗana babbar? Ta ce ba ta ɗanɗanawa, da ido take aunawa da hanci, in ta yi shakka ta miƙo wa Yaya cokali ta katanga. Miyar da ake cire hula saboda ita, mai yin ta ba ta taɓa sanin ɗanɗanonta ba.

Na ce wa ya sani? Ta fara lissafi: ita, marigayiya Innarmu, matar Muntaka, matan gidan liman, mai kawo nono, Humaira. Na ce ya isa. Na ce me ya hana a gaya min? Ta ce a satin farko na aurenku ka shigo daga ciyayya bakinka har kunne, ka ce mata maza sun ce ba a taɓa kawo amarya mai hannunta ba, ka ce ta riƙe wannan hannun kada ta sake. To ta riƙe.

Sannan ta karɓe tukunyar daga hannuna ta kife ta inda take. Ta ce, "Kai fa ko baƙo in ya kwana uku a gida yana sanin abin da masu gidan ke ci."

Yanzu ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Har mai kawo nono.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Sati biyu. Na gwada cin tuwon Yaya ba tare da na barbaɗa yaji ba. Na kasa kai rabi.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan sallar isha'i

Mun je Shanono ni da Muntaka. Ban ce masa biko za mu ba, bai kuma tambaya ba, ya dai wanke motar.

Surukina Malam Abdulkabir yana zaure, alluna jingine a bango, yana duba wa wani rubutu. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tambayi damina, ya tambayi gero, ya tambayi ɗinki. Na yi ta kewaye har Muntaka ya gaji ya ce, Baba, mun zo ne mu ba da haƙuri. Malam ya ce haƙurin me? Ya ce ita dai ba ta ce an yi mata komai ba, ta ce gaishe su ta zo. Ya ce tunda ba ta kawo ƙara ba shi ba shi da shari'ar da zai yi, kuma ba zai ce mata tashi ki bi shi ba, don ba shi ya ce ta zo ba.

Da ta faɗa musu, da na san inda zan fara. Ta rufa min asiri, kuma rufin ya fi tonon nauyi.

Muna nan sai ga Humaira da kwano an rufe da faifai. Ta gaishe ni ta ajiye a gabana. Kowa ya san yadda ake yi. Suruki ba ya cin abinci a gidan surukai, balle a gaban uban matarsa. Za a kawo don girmamawa, a ce bisimilla, ka ce alhamdulillahi, a mayar da kwano yadda ya zo. Shekara goma ko ruwan gidan nan sai na juya baya nake sha.

Malam ya ce, "Bisimilla, Malam Sabiru," yana mai da ido kan allonsa, don ya san amsar.

Na ɗaga faifan. Faten tsaki ne da alayyahu da gyaɗa. Fari fat, ba ɗigon ja.

Na ce Humaira ta kawo min ruwan wanke hannu. Muntaka ya taka min ƙafa. Na janye ƙafata. Na gyara zama a gaban surukina, na sa hannu, na ci.

Ba daɗi. Ba zan yi ƙarya a nan ba, lomar farko kamar na tauna ɗanyen ƙulli. Kunnuwana suka yi zafi, ina jin wanda ake duba wa rubutu ya daina karatu. Malam ya ɗaga kai yana nazarin azarar zaurensa kamar yau ya fara ganinta. Can wajen tsakiya na fara jin gyaɗar, na ji daddawa kaɗan a ƙasa, na ji ashe alayyahu yana da nasa ɗanɗanon in an bar shi ya yi magana. Wannan take ci kenan, ita kaɗai, a bakin murhu, lokacin da ake yabona a gindin dalbejiya. Na sauke har ƙasa, na sa yatsa na suɗe gefen.

Humaira ta ɗauki kwanon tana leƙa cikinsa, ta shige da gudu. Jim kaɗan muka ji mata sun kwashe da dariya a cikin gida, har da tafi. Na kasa kunne, ban ji tata ba.

Malam ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Allah ya sa ya zauna lafiya." Muka yi sallama. Ba ta fito ba. A hanya Muntaka ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba, kuma in ya ba da labari a ciyayya ba mai yarda. Na ce ya bayar.

Laraba, 27 ga Agusta, da rana

Shiru. Mota uku ta tsaya a gaban shago yau, duk na ɗago.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan asuba

Na yi mafarkin doguwar hula. Na fasa rubuta sauran.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan la'asar

Na dawo daga masallaci na ga shanya a igiya, ba ni na yi ta ba. Babbar jakar na bakin ƙofa. Tana tsugune tana hura wuta, ba ta juyo ba ta ce sannu da zuwa, Malam. Na ce sannu da hanya, ya su Inna. Ta ce suna gaishe ka.

Na tsaya a kanta ban san inda zan sa hannuwana ba. Ta gyara itace ta ce, "Abin da ka tambaya a mota, ba zan amsa ba. Ko yau, ko gobe."

Na ce na ji.

Ta ce, "Inna ta ce a tambaye ka ko faten ya ishe ka, ko a aiko da ƙari." Kafaɗarta na rawa. Ban ga fuskar ba, amma ina jin daga ido ya fara.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan sallar isha'i

Da aka idar da magariba na shigo maimakon in tsaya a waje. Ta riga ta zuba babban kwano. Na ba Humaira na ce ta kai gindin dalbejiya ta ce a ci, ina zuwa wani lokaci. Na jawo tabarma na shimfiɗa a bakin madafa. Tahira ta ce za a yi da kai a waje fa. Na ce su yi. Muna ji Muntaka yana ƙwala min kira, wani ya ce a bar shi, tun da ya ci na surukai ai ya gama lalacewa, aka yi dariya. Daga baya sai shiru, sai shan iska da tari, alamar an buɗe kwanona.

Ta juye ƙaramar tukunyar a kwano ɗaya, ta ajiye tsakaninmu. Ba ta isa mutum biyu ba, mun yi maneji. Ta ɗan ba ni gefe tana ci, kunya ba ta sake ta ba. Ni kuwa kallo nake. Tana hura kowace loma ko ta huce. Tana fara cin gefen tuwo ta bar tsakiya. Kuma tana tsince albasa ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a bakin kwano.

Na tuna farantin Nasarawa, da albasar da ta bari a gefensa. Na ce ita ma albasar tun kuna yara ne? Ta ce a'a, da tana ci sosai, har ɗanya. Tun cikin Humaira ta fita daga ranta, ba ta sake komawa ba.

Tun cikin Humaira. A gidana kenan, a ɗakin nan. Shi kuwa ya cika mata fate da albasa, yana ɗaga hannu ta gilashi.

Na sa hannu na kwashe albasar da ta jera na cinye. Ta dube ni ta ce lafiya? Na ce lafiya lau. Wannan bai san shi ba. Ni na sani.